Yadda ake tsufar da sabon katako a gida, da inda kasuwarsa take a Kaduna

Yau ba za mu taɓa siyasa ba, ko da yake kun san ni, da wuya a gama ban soko ta ba. Yau maganar katako za mu yi: yadda mutum zai ɗauki sabon katako fari fat, wanda jiya aka yanko shi a injin, ya mayar da shi kamar ƙyauren da ya shekara 50 yana shan rana da hunturu.

Na san wani zai ce, kai malam, mutane na neman sabo kai kana koya mana tsufar da abu? To ka zagaya wuraren shan shayi na zamani da gidajen cin abinci da ke buɗewa a titin Isa Kaita, da Unguwar Rimi, da Malali. Ka duba shagunan masu ɗaukar hoto da masu kwalliyar wurin biki. Teburin da ke gabanka, allon da aka rubuta sunan shago, kantar da aka jera kofuna, da yawa daga ciki an yi su ne su yi kama da tsoho. Masu shagon a Instagram suke ganin salon, kuma suna biyan kuɗi a yi musu. Tambayata ita ce, wa ke karɓar kuɗin nan? Mu da muke da Panteka a Tudun Wada, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a maƙwabtaka, ga hedikwatar hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a cikin garin nan, bai kamata a ce sai an ɗauko wani daga Abuja ya shafa wa katako ruwan tsatsa ba.

Eh, ruwan tsatsa na ce. Daga nan za mu fara, don shi ne mafi araha kuma shi ya fi ba da mamaki.

Ka samu kwalba mai faɗin baki. Ka zuba ruwan khal fari, wato binega, irin wanda ake sayarwa a kantuna. Ka yayyaga soson ƙarfe ka jefa a ciki. A nan a kula: soson wanke tukunya mai ƙyalli ɗin nan da ba ya tsatsa ba zai yi ba. Wanda ke tsatsa ake so, mai laushi kamar auduga, irin na masu fenti. In ba ka samu ba, tsofaffin ƙusoshi ma suna yi, sai dai sun fi jan lokaci. Kada ka ɗaure murfin kwalbar tam, domin haɗin yana fitar da iska, kuma in ta rasa hanya kwalbar na iya fashewa. Ka rufe da tsumma, ka ajiye inda yara ba sa kaiwa, kwana 1 zuwa 3. Sai ka tace.

Abin da ke faruwa shi ne, tsamin khal ɗin yana narkar da ƙarfen. Shi kuma katako yana ɗauke da wani sinadari da ake kira tanin, shi ne abin da ke sa bakinka ya yi bauri in ka sha shayin da ya daɗe a wuta. Da narkakken ƙarfe ya haɗu da tanin sai launi ya juya, daga toka-toka har zuwa baƙi. Wannan ba fenti ba ne da ke zama a sama, canjin a jikin katakon yake faruwa, shi ya sa zanen jijiyar itacen yake fitowa sarai.

Kuma wallahi abin da ke burge ni, wannan ilimin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Majema da bagaruwa suke jima, saboda 'ya'yan bagaruwa cike suke da tanin. Dukawa kuma da ruwan ƙarfe suke baƙanta fatar da aka jeme. Haɗin ɗaya ne. Turawa ma ƙarnoni suka yi suna rubutu da tawadar da aka haɗa daga ƙarfe da tanin. To kun ga abin da yaro zai kalla a YouTube da Turanci yana ganin sabuwar fasaha ce, kakansa a Kano ko Zariya ya san shi a kan fata.

Amfanin sanin wannan shi ne, ba kowane katako ne ke da tanin da yawa ba. Maɗaci yana da shi, kana shafawa za ka ga ya yi duhu nan da nan. Amma fararen katakai irin su malaina da obece, waɗanda su ne aljihun matashi zai iya, nasu kaɗan ne. Ka shafa ruwan tsatsa ka ga kamar ba ka yi komai ba. Maganinsa, ka fara ba katakon tanin ɗin da ya rasa. A bidiyon Turawa baƙin shayi suke dafawa mai kauri. Yana yi. Amma mu da muke da bagaruwa a kowace kasuwa, a wurin masu kayan gargajiya, me zai sa mu ƙarar da ganyen shayin gida? Ka daka ta, ka jiƙa ko ka tafasa, ka tace, ka shafa wa katakon da burushi, ka bari ya bushe. Bayan nan ka bi da ruwan tsatsa. Cikin 'yan mintoci za ka ga launi na sauyawa a gabanka.

Gargaɗi ɗaya: bagaruwa tana da ƙarfi. In ka yi ta da kauri, baƙi ƙirin za ka samu maimakon tokar da kake nema. Don haka ka sirka da ruwa, kuma kullum, ina nufin kullum, ka fara gwadawa a kan guntun da ya rage daga katakon da za ka yi aikin da shi. Ka jira ya bushe kafin ka yanke hukunci, don jiƙaƙƙen launi daban, busasshe daban. Ka rubuta abin da ka haɗa da kwanakin da ya yi. Ranar da mai shago ya ce a ƙaro masa tebur 4 irin na farko, wannan takardar ce za ta cece ka.

Launi kaɗai ba ya sa abu ya tsufa. Tsohon benci a ƙofar gida, ina ya fi cinyewa? Gefuna, kusurwa, inda hannu ke dafawa, inda ƙafa ke gogawa. Tsakiyar ƙasansa lafiya lau yake. To kafin ka shafa komai, ka bi waɗannan wuraren da samfefa ka kashe kaifinsu. Ka ɗauki burushin waya ka goge katakon ta bin tsawon jijiya, kada ka gitta. Wasu suna dukansa da sarƙa ko guduma. Babu laifi, amma kaɗan. Na sha ganin aikin da aka yi wa duka a jere kamar da ma'auni, kana gani ka san hannu ne ya yi, ba shekaru ba. Mutumin da ke son ya iya wannan aikin, ya je ya zauna ya ƙare wa tsohon turmi kallo, ko akushi, ko allon da ya daɗe a hannun almajiri. Ya shiga gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu ya ga yadda itace ke tsufa da gaske.

Akwai wani abu da Turawa ke yi wanda ni ban ba da shawararsa a nan ba: huda ƙananan ramuka da ƙusa don ya yi kama da cin ƙwaro. A can ado ne. A Kaduna, Hajiya na ganin rami a katako za ta ce gara ta shiga, ciniki ya watse. Kuma tana da gaskiya ta ji tsoro, kowa ya san abin da gara ke yi wa rufin gida.

Hanya ta biyu ita ce wuta. Mutanen Japan sun daɗe suna babbake fuskar katako kafin su yi bangon gida da shi. Ana bin saman da harshen wutar gas, a kankare gawayin da burushin waya, sai jijiyar ta fito ruwan ƙasa mai duhu. Ya fi kyau a kan katakon falet, wanda ake ɗoro kaya a kai daga waje. Amma a yi shi a fili, nesa da fetur da janareta, da bokitin ruwa a kusa. Kuma a duba tambarin da ke jikin falet ɗin. In ka ga HT, da zafi aka gasa shi, babu damuwa. In ka ga MB, an yi masa turaren maganin ƙwari mai guba, ka bar shi, kada ka ƙona, kada ka yi teburin abinci da shi.

Ta uku, ta masu son fenti. Ka shafa launi mai duhu ya bushe, ka goga kyandir a gefuna da kusurwa, ka shafa launi mai haske a kai. In ya bushe ka bi da samfefa, inda kyandir ya taɓa fentin sama zai tashi, na ƙasa ya leƙo. Shi ke nan.

Daga ƙarshe sai a rufe aikin, in ba haka ba zufa da ruwa za su ɓata shi. In ka sa banish mai ƙyalli ka kashe duk wahalar da ka sha, don tsohon abu ba ya walƙiya. Ka nemi marar ƙyalli, ko ka narka kakin zuma da ɗan mai ka murza da tsumma. Ka sani kowane mai zai ƙara wa launin duhu. In man linsid ka yi amfani da shi, kada ka dunƙule tsumman ka jefa a kwana, yana iya kamawa da wuta da kansa, ka shanya shi a buɗe ko ka tsoma a ruwa. Baƙin man mota kuma, wanda wasu ke shafa wa katakon rufi, don Allah kada ya shiga ɗaki. Sannan duk wannan bayanin na katako ne na gaske. MDF garin katako ne da gam, ruwa na taɓa shi zai kumbura. Kuma a sayi busasshen katako, in ba haka ba hunturu na zuwa teburin zai tsage ko ya karkace.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ga maganar ta cancanci shiri guda. Mutum zai iya cewa, in tsoho ake so, me zai hana a nemo tsohon na gaske? Ana nemowa. Ana rushe gida a sayar da ƙyamare da tagogi. Matsalar ita ce tsohon fenti sau da yawa yana ɗauke da dalma, kana kankare shi ƙurar na shiga hancinka da na yaran gidan. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne daji. Masu son katako mai duhu da kyan jijiya, itatuwa irin su maɗobiya suke bi. Kun san yadda aka yi wa maɗobiya a Taraba, inda ake ce mata Madrid, aka dinga lodinta zuwa Chana, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a taron 2016, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Itacen da ke ɗaukar shekaru da yawa kafin ya girma, a 'yan shekaru aka kusa share shi. Malaina kuwa shuka ta ake yi, tana saurin girma. Duk teburin da aka yi da malaina aka ba shi launin da mai saye ke so, wani itacen ne ya tsira a daji. Ba na cewa ruwan tsatsa zai ceci dazukanmu, masu gawayi ma kaɗai sun ishe mu magana. Amma ta wannan gefen, mai sana'a yana da abin yi.

Sai batun amana. In ka tsufar da katako, ka faɗa wa mai saye sabo ne ka yi masa ado. Kada ka ce daga gidan wani basarake aka ciro shi. Wannan algus ne, addini ya hana, kuma garin nan ƙarami ne, labari zai zaga. Kada ka shafa wa malaina launi ka sayar da sunan maɗaci. Mai saye da ya san gaskiya zai dawo, don abin da yake biya gwanintarka ce.

Ga 'yan uwana masu digiri da ke zaune a majalisa ana jiran a buɗe shafin ɗaukar aiki, ban ce wannan zai maye gurbin aikin da gwamnati ta kasa samarwa ba, wannan bashin yana nan a kanta, kuma za mu ci gaba da bin sa. Amma ka lura, a wannan sana'ar ba sai ka iya haɗa tebur ba. Kafintan unguwarku ya iya, ya fi ka nesa. Abin da sau da yawa ba shi da lokacinsa shi ne gwaje-gwajen launi, ɗaukar hoto mai kyau, da zuwa wurin mai shago da samfuri a hannu. Ka je masa da ladabi, ka ce Baba ko Oga, ga abin da nake so mu gwada, ku yi yarjejeniyar rabon kuɗi tun kafin a fara, a gaban shaida. Ka fara da ƙananan abubuwa: firam ɗin madubi, tiren shayi, allon suna, kantar littattafai. Ka yanka guntaye 6 ko 8, kowanne da launinsa, ka sa a jaka. 'Yan uwa mata, wannan aikin a tsakar gida ma ana yin sa, ban da na wutar.

Kasuwa ɗaya ce zan ce kada ku fara da ita: kayan ɗakin amarya. Ka kai wa uwar amarya gado mai kama da tsoho, dangin ango su zo ganin ɗaki, sai a ce gwanjo aka saya wa yarinya. Ba za ka so ka zama sanadin wannan maganar ba. Ku bar wannan tukuna, ku nufi masu shaguna da ofisoshi.

Wanda ya gwada haɗin bagaruwar nan, ya turo mana hoton guntun da ya yi da irin katakon da ya yi amfani da shi, musamman in wani ya gwada a kan dogonyaro, ina son ganin yadda zai fito. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da wani matashin kafinta mu yi lissafin abin da ake kashewa a kan ƙaramin tebur ɗaya da yadda ake sa masa farashi.