Akintola Williams da Darajar Sa Hannun Akanta



Mutumin da zan yi magana a kansa ya rasu a Legas ranar 11 ga Satumba, 2023, yana da shekara 104. Akintola Williams ke nan, wanda duk mai riƙe da takardar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN a zauren nan jikansa ne a sana'a, ko ya sani ko bai sani ba.

An haife shi a 1919, a gidan Kiristoci 'yan boko. Ya yi firamare a makarantar Methodist ta Olowogbowo, ya wuce CMS Grammar School, sannan Kwalejin Yaba. Daga nan ya tafi Ingila, inda ya ci jarrabawar ƙwararrun akantoci a 1949. Da ya dawo ya kama aiki a ofishin haraji, amma bai daɗe ba. A 1952 ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe kamfaninsa na binciken kuɗi.

Ku auna wannan kasada. A lokacin, manyan kamfanoni na Turawa ne, oditocinsu ma Turawa. Wa zai ba baƙar fata littattafansa? Sai 'yan'uwansa masu tasowa, irin su jaridar West African Pilot ta Azikiwe da kamfanin sufuri na mahaifin Ojukwu. Odita kuwa ba shi da hajar da zai baje a kasuwa. Sa hannunsa kawai yake sayarwa, kuma ba a sayensa sai an tabbata akwai ranar da zai ƙi sa shi.

Irin wannan rana ta zo masa a 1962. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin Mai Shari'a Coker don bin diddigin kuɗin hukumomin Jihar Yamma, aka sa Williams a ciki. Wa binciken ya nufa? Cif Obafemi Awolowo da jam'iyyarsa ta Action Group. Williams kuwa yana cikin samarin da suka kafa ƙungiyar Egbe Omo Oduduwa tare da Awolowo a Landan. Ɗan'uwansa Rotimi Williams, shahararren lauya, ya riƙe muƙamin ministan shari'a a gwamnatin yankin. Rahoton kwamitin ya ce an karkatar da kuɗin jama'a zuwa aljihun jam'iyya. Har gobe magoya bayan Awolowo suna cewa bi-ta-da-ƙulli ne, kuma lallai akwai siyasa a kafa kwamitin. Ni abin da ya tsaya mini shi ne akantan da ya zauna ya buɗe littafin abokan ƙuruciyarsa, alhali zai ci gaba da haɗuwa da su a wurin biki da jana'iza. Duk wanda aka taɓa tura shi bincika asusun ƙaramar hukumar garinsu ya san nauyin wannan kujera.

Dattawan cikinmu za su tuna Udoji, ƙarin albashin da ya cika gari da babura da rediyo, ya kuma bar ma'aikata da ƙorafi. A 1975 Williams aka kira ya shugabanci kwamitin gyara kurakuran.

Akasarinmu a nan Musulmi ne, shi kuwa Kirista ne, wani ɗan'uwansa ma limamin coci ne. Ban ga abin mamaki ba don mun taru muna tuna shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, a Linjila kuma Matiyu daga teburin haraji aka kira shi. Sai dai kada mu yi saurin cewa ibada ce ke yin akanta nagari, don mun ga masu sahun gaba a masallaci da coci suna ƙirƙirar rasit. A wurin Williams shaidar tana cikin yadda ya zauna: ya yi aure a 1947, suka shafe sama da shekara sittin da maiɗakinsa har mutuwa ta raba su a 2009. Abin da ya rage masa na lokaci ya zuba shi a ƙungiyar masu kiɗa ta MUSON a Legas.

Bai kuma tsare sana'ar don kansa shi kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, kuma shi ne shugaban ICAN na farko da aka kafa ta a 1965. Wanda ya riga kowa samun takarda ne ya buɗe ƙofar da dubbai za su shigo su yi gogayya da shi. A 1983 ya yi ritaya, ya bar wa abokan aikinsa kamfanin da sunansa a kai.

Ɗalibai, ga ɓangaren da ba a cika faɗa a taron tunawa ba. A 2006 aka gano an shekara da shekaru ana kumbura lissafin kamfanin Cadbury Nijeriya da biliyoyin naira. Oditan kamfanin shi ne Akintola Williams Deloitte, kuma a 2008 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ci shi tarar naira miliyan 20 saboda sakaci. Tsohon ya bar ofis fiye da shekara ashirin kafin nan, ba shi da hannu a ciki, amma sunansa ne jaridu suka buga. Ina roƙon malaman sashen nan su riƙa koyar da rahoton Coker da hukuncin Cadbury a zango ɗaya, ɗalibi ya karanta su a jere.