Idan Firjin Mota Ya Daina Sanyi

 

An ce mu yi magana a kan ƙaramin firjin nan da ake sawa a mota, mai aiki da batir. Wani zai ce ai wannan maganar direba ce. To, a cikinsa ake ɗauko allurar tsayar da jini bayan haihuwa, da insulin na masu ciwon sukari, da maganin saran maciji irin na ruwa. Duka ukun suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Idan firji ya tsaya a hanya, a kan matar da ke naƙuda a ƙauye abin zai ƙare, ko manomin da kububuwa ta sara a gona.

Abin da muke so ku riƙe shi ne, sau da yawa firjin lafiyarsa ƙalau. Yunwar wuta ce ke damunsa. An gina shi ne yadda zai kashe kansa idan ƙarfin wutar da ke shigo masa ya yi ƙasa, don kada ya shanye batir. Za ku ji injinsa ya tashi, ya ɗan yi rawa, ya mutu, can an jima ya sake gwadawa. Da yawansu sukan nuna E1 ko F1 a fuska, wasu kuma ƙaramar fitila ce ke ƙiftawa sau ɗaya, ta huta, ta sake. Wannan ba matsalar gas ba ce. Kada ku bari a yanke masa bututu don a ƙara gas, a karɓi kuɗin ikilisiya a banza.

A fara da batir. Ƙaramar mitar gwada wuta irin ta masu gyaran rediyo ta isa, kuma ya kamata kowace mota ta kasance da ita. A kashe mota, a bar ta ta huta kamar awa ɗaya, sannan a gwada. Cikakken batir zai nuna bolt 12.6. Idan 12.2 ne, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa saura kaɗan. Sai a ta da mota a sake gwadawa: ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ba a gani ba, motar ce ba ta caji, a kai wa riwaya. A duba kan batir kuma. Farin garin nan da ke taruwa a kai yana tare wuta, a wanke shi da ruwan zafi da burushi, a ɗaure sosai.

Amma inda aka fi samun ɓarawon shi ne tsakanin batir da firji. Batir zai nuna 12.5, a je bakin firji a gwada daidai lokacin da injin ke ƙoƙarin tashi, a tarar da 11. Sauran ya zube a hanya. Kamar a jawo ruwan rijiya da siririn tiyo mai nisa ne: rijiya cike take, amma ɗigo ne ke isowa. Ramin kunna sigari da muke cusa fulogi a ciki ba a yi shi don hanyoyinmu ba. Gargada kaɗan, fulogi ya saki, wani lokaci har ya yi zafi ya narke. A motoci da yawa kuma, da an zare makulli wutar ramin ta ɗauke, direba yana cin abinci bai san firji ya mutu ba. Maganinsa a ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, mai lamba 4, ko 6 idan za ta kai bayan a-kori-kura, a sa fiyus mai amfiya 15 kusa da batir. A kan fulogin ma akwai ƙaramin fiyus, a kwance a duba. Direbobi, muna roƙonku, idan fiyus ya ƙone kada a naɗa masa waya ko takardar azurfa. Da haka mota take kamawa da wuta.

Bari mu yi ɗan lissafi. Firjin yakan ja kimanin amfiya 4 idan injinsa na aiki. A ce rabin lokaci yake aiki, awa 12 a wuni da kwana, ya ci 48 ke nan. Batirin mota mai 70 kuwa, rabinsa kaɗai ya kamata a taɓa, wato 35. Kun ga bai kai ba, balle da zafin Maris da Afrilu da injin ba ya samun hutu. Shi ya sa aka yi wa firjin matakai uku, H da M da L. Idan batirin mota ne, a bar shi a H, zai mutu da wuri ya rage abin ta da mota. Wanda ya mai da shi L ya kwana a daji, da safe sai turi. L na batir na biyu ne, irin na sola, wanda aka keɓe wa firji. Masu son farantin sola kuma, mai wat 100 yana ba da kimanin amfiya 5 da tsakar rana, na wajen awa biyar. Ɗaya ba zai riƙe shi ba, sai biyu.

Zafi da ƙura su ma suna da nasu. Kada a toshe ramukan iskar firjin da buhunan masara, a bar masa tazarar tafin hannu, a kare shi daga rana. Bayan hunturu a share ƙurar da ta cika ragar da fankar. Idan an kwantar da shi a gefe wajen lodi, a tsayar da shi wasu awoyi kafin a kunna.

Akwai wani iri mai araha da ba shi da inji, fanka ce kawai ke hurawa. Wannan ba ya iya saukar da sanyi fiye da kimanin digiri 20 daga zafin waje. Rana tana 40, ciki yana 20. Ya yi wa ruwan sha, bai yi wa magani ba.

Sanyin da ya wuce kima ma ɓarna ne. Insulin da ya daskare ya tashi daga aiki ko da ya narke. Saboda haka a sa ma'aunin zafi a tsakiyar kayan, kada a dogara ga lambar da firji ke nunawa, kada kuma kwalabe su jingina da bangon ciki. Alluran rigakafin yara kuwa suna da nasu akwatin sanyi da ma'aikatan ƙaramar hukuma ke bayarwa. A cikinsa za su zauna, firjin mota ba ya maye gurbinsa.

Idan wuta tana isowa daidai, injin yana ta aiki ba tsayawa, amma ciki ba sanyi, a nan ne za a nemi mai gyaran firji. Kafin nan, kada a yi ta buɗe murfi. A rubuta lokacin da ya tsaya da abin da ma'auni ya nuna, a kwashe maganin zuwa akwatin sanyi da robobin ƙanƙara waɗanda suka fara narkewa har ana jin motsin ruwa a ciki, a sa kwali tsakaninsu da kwalaben. Takardar nan a miƙa ta ga mai kula da asibiti tare da maganin, shi zai ce a yi amfani da shi ko a ajiye gefe.