Hedifon mai naɗewa: kafin ka biya, tambayi kunnenka

Yau daga Argungu nake magana, kuma hirar tamu a kan hedifon ce, irin mai arhar nan da ake naɗewa a jefa cikin jaka. Zan fara da abin da ya same ni, don ban so ya sami wani.

Watannin baya na sayi ɗaya a wani shagon kayan waya. Mai shagon ya ɗora mini a kai, ya ƙure ƙara, bes ya daki ƙwaƙwalwata dum-dum. Na ce shi ke nan, na biya. Washegari na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, tafiyar kusan awa ɗaya. Gilashi a buɗe, iska na kaɗawa, inji na ruri, fasinjoji na musun ƙwallo. Ba na jin komai sai na ƙara, na sake ƙarawa, har wayar ta fito da gargaɗi, na danne shi. Da na sauka a tasha sai na ji wani "ziiii" cikin kunnena. Wallahi sai bayan la'asar ya lafa.

To mene ne ya faru? Matsalar daga soson take. Hedifon iri biyu ne: akwai mai zama a kan kunne, akwai mai rufe kunnen gaba ɗaya. Nawa na farkon ne, sosonsa siriri, hayaniyar waje na shiga ta gefe. Idan hayaniya ta shiga, hannunka da kansa zai kai ga ƙara. Nan haɗarin yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta shi ne: a desibel 80, babba zai iya sauraro awa 40 a mako. Idan ƙarar ta kai desibel 90, awa 4 kacal ya rage maka a makon. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke karɓar sauti, kuma idan suka mutu ba su sake tsirowa. Hedifon ya karye ka sayi wani. Kunne fa?

Saboda haka ga yadda nake gwaji yanzu.

Na farko, ka sa shi ba tare da ka kunna komai ba. Tsaya a bakin shago inda 'yan kabu-kabu ke wucewa. Idan hayaniyar ta ragu sosai, soson ya zauna. Idan kamar ba ka sa komai ba, ajiye.

Na biyu, kada ka yarda da waƙar mai shago. Yi gwajin da wayarka, ƙara a rabi. Ni akwai sautin da na ɗauka a bakin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na 2020: ganguna, ihun masunta, ga mai sanarwa yana magana. A hedifon mai kyau ina rarrabe muryarsa da kiɗan. A maras kyau duk sai su dame kamar kunu. Bes mai yawa shi ake ɓoye aibi da shi, muryar mutum ita ke tona asiri. Musamman ku ɗalibai masu sauraron lakca ko karatu, murya kuke buƙata.

Na uku, zama a kai. Ka bar shi aƙalla minti 10. Mai tabarau ya gwada da tabaransa, 'yan'uwa mata ku gwada a kan ɗankwali ko hijabi, yadda za ku riƙa sa shi. Kun san zafinmu na Maris da Afrilu, yana haura digiri 40. Ledar da ke kan soson tana tara gumi, daga baya ta fara ɓarewa tana manne maka a wuya. Tambayi ko ana samun soson canji.

Na huɗu, gaɓar da yake naɗewa. Naɗe, buɗe, sau biyar. Idan tana ƙas-ƙas ko tana lilo, nan zai fara karyewa. Kuma idan mai Bluetooth ne, duba ko yana da ramin waya, don ranar da babu wuta ba caji.

Na ƙarshe, jabu ya cika kasuwa. Ganin JBL ko Oraimo a jikin kwali bai isa ba, kunnenka ne alƙali.

Ni dai yanzu na koma mai rufe kunne. Ya ɗan fi tsada, ya fi cin wuri a jaka, amma a motar Birnin Kebbi ba na wuce kashi 60 na ƙara, kuma duk bayan awa ɗaya ina cirewa kunne ya sha iska. A kan titi kuwa, ko a bisa babur, wuya yake komawa, don in ji hon.

Wanda kunnensa ke ƙara ba ta tafiya, don Allah ya ga likita, kada ya tsaya jira. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.