Maganin Feshi: Guba Ce Kafin Ta Zama Magani

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)

 

Ina godiya da wannan dama da aka ba ni. Ni ba likita ba ne, ba kuma malamin gona ba. Tsohon malamin makaranta ne da ya ajiye alli ya koma ga fartanya. Abin da ya tayar mini da hankali har na zaɓi wannan batu ya faru ne a daminar da ta wuce. Wani yaro da na koyar tun yana aji ɗaya ya ɗauki kwangilar feshin wake. Ya wuni da injin feshi a bayansa, daga shi sai singileti da silifa, injin yana ɗiga a gadon bayansa. Da la'asar aka kawo shi gida ranga-ranga, gumi na zuba, yawu na dalala, numfashi na sarƙewa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ɗura masa manja. Allah Ya sa aka garzaya da shi asibiti, ya rayu da kyar.

Jama'a, sunan "magani" da muke kiran waɗannan abubuwa shi ne ya yaudare mu. Guba ce aka harhaɗa domin ta kashe ƙwaro ko ciyawa, kuma ba ta san bambancin ƙwaro da ɗan Adam ba. Tana shiga jiki ta hanya uku: ta baki, ta numfashi, da ta fata. Ta fatar nan ita ce muka fi rainawa, alhali da ita mai feshi ya fi cutuwa, musamman idan jiki ya yi gumi.

Ku ɗauki fiya-fiya, wadda sinadarinta shi ne dichlorvos. Saboda ragowarta da aka samu a cikin wakenmu ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Idan baƙo ya ƙi abincinmu don tsoron lafiyarsa, yaya mu da muke ciyar da 'ya'yanmu da shi? Haka paraquat, mai ƙone ciyawa, wanda aka haramta a Turai tun 2007: yana lalata huhu, kuma ba shi da makari.

To, mene ne abin yi? Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Na farko, a dubi zanen launin da ke gindin takardar kwalba. Ja alama ce ta guba mafi tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda bai iya karatu ba ma yana iya gane launi.

Na biyu, sutura. Riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmin roba mai tsawo, safar hannu ta roba, tabarau, hula, da takunkumin da aka yi domin feshi. Ƙyallen rawani ba takunkumi ba ne, domin idan ya jiƙe, gubar yake riƙewa a bakin hanci. Lokacin haɗa maganin ya fi kowane lokaci haɗari, tunda ba a sirka shi ba tukuna. Kada a dama da hannu, kada a busa bakin injin da baki idan ya toshe.

Na uku, a yi feshi da sassafe ko da yamma, a ba iska baya. Ba a cin goro, ba a shan ruwa ko taba sai an wanke hannu da sabulu. A yi wanka, a wanke kayan feshi daban da na iyali.

Na huɗu, iyayenmu mata, ina roƙonku: galan ɗin magani ba mazubin man gyaɗa ba ne. A ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan cikin injin, a huda shi. Wajen ajiyar wake kuwa, buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba sai an sa guba ba.

Idan tsautsayi ya auku, a tuɓe wa mutum tufafin, a wanke shi da ruwa da sabulu. Kada a ba shi madara ko manja, kada a tilasta masa amai. A kai shi asibiti tare da kwalbar, domin likita ya san gubar da zai yaƙa.

A ƙarshe, Shugaba, ina ba ƙungiya shawara ta ware wani abu daga asusunta ta sayi kayan kariya, a riƙa ba matasanmu masu feshi aro, a kuma gayyato malaman gona kafin faɗuwar damina. Mai gona da ya ɗauki ɗan wani aiki, amanar lafiyarsa tana wuyansa. Mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyoyi. Yaran da muka yi dominsu su ne ke goye da injin nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mana zuri'a. Wassalamu alaikum.