Citta Da Cinikin Gaba: Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu



Da yawa daga cikinku sukan aika da kuɗi gida, a ba manomin citta a Kafanchan ko Kwoi ko Kachia tun damina, bisa alkawarin zai kawo buhu kaza bayan haƙa, a kan farashin da aka yanke. Wannan shi ne cinikin gaba, watau a sayi kaya yau, a karɓa daga baya. Irinsa ake yi a babbar kasuwar hatsi ta Chikago, wadda aka kafa a 1848, sai dai can a rubuce yake, kuma tun 1974 majalisar Amurka ta yi dokar kafa hukuma musamman mai sa ido a kansa.

A nan ƙasar, gwamnati ta taɓa riƙe cinikin da hannunta. A 1977 aka kafa hukumomin sayen amfanin gona na ƙasa, citta ta faɗa ƙarƙashin Hukumar Gyaɗa, gwamnati ce ke yanke farashi. Manomi ya san abin da zai samu, amma in kasuwar waje ta tashi, ribar ba ta isa hannunsa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin. Manomi ya sami 'yancin sayarwa, sa'an nan ya zauna shi kaɗai gaban dillali.

Shekarar 2023 ta nuna haɗarin wannan zama. Cuta ta afka wa citta a kudancin Kaduna, gonaki suka ruɓe, farashi ya yi sama. Wanda ya karɓi kuɗi bai sami abin bayarwa ba, wanda ya ba da kuɗi kuwa ba shi da takarda. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan haka.

A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta ƙarfafa ikon Hukumar Kula da Hannayen Jari a kan kasuwannin amfanin gona da rasit na sito. Lalle doka ba ta hana cuta, amma tana iya tsare ma'auni da alkawari.

Saboda haka, duk wanda zai aika da kuɗinsa bana, ya sa a rubuta yawan buhu da nauyinsa da ranar bayarwa, gaban shaidu, a kuma faɗi wanda zai ɗauki hasara in gona ta lalace.