Hoto mai launi: yadda keken yaro ya shiga gidan fasaha

Yau hirarmu a kan hoto take. Za mu yi zancen hoto mai launi, irin wanda ake ɗauka na abubuwan yau da kullum, har a rataye shi a bango, mutane su zo daga nesa su kalla. Ku gyara zama, ku saurara da kyau.

Da farko, hoto baƙi da fari ne kawai. A shekarar 1861 wani masani mai suna Jems Makswel ya nuna hoto mai launi a birnin Landan. Hoton wani ɗan ƙyalle ne mai ratsi-ratsi. An ɗauke shi sau uku: ta jan gilashi, ta kore, ta shuɗi. Da aka haɗa ukun, sai launi ya fito. A 1907 wasu ƴan uwa biyu na Faransa, masu suna Lumiyar, suka fara sayar da farantin gilashi na ɗaukar hoto mai launi. Kun san da mi suka yi shi? Da sitacin dankalin Turawa da aka rina. A 1935 kuma kamfanin Kodak na Amurka ya fito da fim mai suna Kodachrome. Sannu a hankali launi ya shiga hannun jama'a.

To, amma manyan gwanayen hoto ba su yarda da shi ba. Mi ya sa? Dalili uku ne. Na ɗaya, ƴan talla ne suka fi aiki da launi, don sayar da mota da sabulu. Na biyu, mai hoton baƙi da fari yana wanke abinsa da hannunsa, shi kuwa mai launi sai ya aika ma'aikata, abin da aka ba shi shi zai karɓa. Na uku, launi yana koɗewa idan ya daɗe. Saboda haka aka ce baƙi da fari shi ne fasaha, launi kuwa na kasuwa ne da na hoton iyali.

Ana nan, sai ga wani mutum mai suna Wiliyam Egalston. An haife shi a 1939 a birnin Memfis, a kudancin Amurka. Ya fara da baƙi da fari kamar kowa. A tsakiyar shekarun 1960 ya koma launi. Bai bi sarakuna ba, bai tafi fagen yaƙi ba. Abin da ke ƙofar gidansa shi yake ɗauka. Ya ɗauki kare yana shan ruwan kwari a bakin hanya. Ya ɗauki takalma a ƙarƙashin gado. Ya ɗauki cikin tanderun gasa abinci. A 1973, a garin Girinwud na jihar Misisipi, ya ɗauki rufin wani ɗaki ja wur, da ƙwan lantarki ɗaya a tsakiya, da fararen wayoyi.

Hotonsa da aka fi sani shi ne na keken yara mai ƙafa uku. Keken tsoho ne, har ya fara tsatsa. Egalston ya sauke kyamararsa har ƙasa kafin ya ɗauka. Sai keken ya cika hoton, ya fi gidajen da ke bayansa girma. Wanda ya kalla, sai ya ga duniya yadda ƙaramin yaro yake ganinta.

Yaya ya yi da matsalar launi? Ya samo wata dabara wurin ƴan talla. Ana raba hoton kashi uku. Kowane kashi a tsoma shi a nasa rini: ruwan ɗorawa, da ja mai garin shunayya, da shuɗi mai haske. Sannan a danna su kan takarda ɗaya, bi da bi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina zai gane wannan aiki. Mai hoto yana iya cewa a ƙara ja, ko a rage shuɗi. Launin yana fita da ƙarfi, kuma yana daɗewa. Aikin yana da tsada, amma yanzu launi ya koma hannun mai hoto.

A watan Mayu na 1976, babban gidan nuna fasahar zamani na birnin Niyok, wanda ake kira MoMA, ya rataye hotunansa 75. Shugaban sashen hoto na gidan, Jon Sharkoski, shi ya zaɓe su. Ba shi ne karon farko da launi ya shiga gidan ba, amma wannan karon ne ya tada ƙura. Wani mai sharhi a babbar jaridar birnin ya ce hotunan na banza ne, masu sa hamma. Mutane suka ce: keke da takalmi ai kowa yana da su a gida, mine ne abin kallo?

Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Matasa masu ɗaukar hoto suka ga aikin, suka bi sawunsa. Gidajen fasaha suka buɗe ƙofa ga launi. A 2012 aka sake buga hoton keken nan babba, aka kai shi gwanjo a Niyok. An saye shi dalar Amurka 578,500.

To, ina ruwanmu da wannan labari? Yau da yawa daga cikinku kuna da salula mai ɗaukar hoto. Amma sai ranar suna ko ranar aure kuke tunawa da ita. Rijiyar gari, da rumbu, da amalanken shanu, da tulin tattasai a kasuwa, ba mai ɗaukarsu. Abin da ido ya saba da shi, shi ne yake ɓacewa ba a sani ba. Idan rumbun ƙasa ya rushe, da mi jikokinku za su san kamarsa?

Ga shawara biyar, ku riƙe su:

1. Ku ɗauki hoto da safe ko da marece. Ranar tsaka tana kashe launi.
2. Kafin ku danna, ku dubi launin da ya fi ƙarfi, ku ba shi wuri.
3. Ku sauya tsayuwa. Ku durƙusa, ko ku hau tudu, ko ku matsa kusa.
4. Kada ku ɗauki mutum sai da izininsa. Idan ya ƙi, ku bar shi.
5. Wanda ya yi kyau, ku kai a wanke muku shi a takarda, don salula tana lalacewa. Ku rubuta wuri da shekara a bayansa. Ku ɓoye shi daga rana da laima.

Ga tambaya kuma, ku tattauna tsakaninku bayan wannan shiri: a garinku, wane abu ne kuke gani kullum, wanda kuke tsoron kada ya ɓace nan da shekara 20? Wanda ya sami amsa, gobe da safe ya je ya ɗauke shi.

Nan za mu dakata. Sai wani jiƙon, mu kwana lafiya.