Ciwon da Ke Saura Bayan Zazzaɓi Ya Sauka



Mu mutanen Bunkure da gona muke auna lafiya. Da zarar zazzaɓi ya sauka, mutum ya iya taka ƙafa zuwa bakin kanal, sai mu ce ya warke. To, akwai cututtukan da ƙwayarsu kan tafi, ɓarnarsu ta zauna.

Shan-inna ce muka fi sani. A Sumaila aka samu yaro na ƙarshe da asalin ƙwayarta ta kama a jihar Kano, cikin 2014, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Amma waɗanda ta shanye wa ƙafa suna nan tare da mu, kuma wasunsu sabon rauni kan dawo musu bayan shekara 15 zuwa 40. Zazzaɓin Lassa kuwa, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yakan taɓa jin mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi. Sai korona, wadda a 2021 hukumar ta amince cewa gajiya da haki da mantuwa kan bi wasu har bayan wata uku.

A kan wannan gajiya muke so iyayenmu su saurare mu da kyau. Magidancin da a da yake dashen shinkafa tun asuba, yanzu aikin rabin yini kan kwantar da shi kwana biyu, ba rago ba ne, kuma tilasta masa aiki ƙara masa ciwo yake yi. Sau da yawa ma a cikin gida ake fara yi masa gori.

Likita ɗaya ba ya iya wannan jinya. Sai an haɗa likitan ƙirji da mai gashin ƙashi da likitan kunne da na ƙwaƙwalwa da malamar jinya, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Haka Ingila ta yi a ƙarshen 2020, da ta buɗe ɗakunan duba irin waɗannan majinyata. Mu kuwa namu yau yana Asibitin Malam Aminu Kano, gobe yana Asibitin Ƙashi na Dala, kowane wuri da sabon kati da sabon kuɗin mota, har ya gaji ya koma gida.

Don haka muke roƙon ƙungiya abu biyu kafin shigowar noman rani. A rubuta sunayen masu irin wannan lalura mazaɓa-mazaɓa, da yardarsu, domin masu bincike na Jami'ar Bayero su sami inda za su fara. Sannan a ware kuɗin mota ɗaya a wata, tare da ma'aikacin lafiya ɗan gida wanda zai riƙe wa kowane majinyaci takardunsa a fayil guda.